Saukar Uwani a Ƙasar Amurka

A shekarar da aka canja takardun naira, mutane suka yi ta cincirindo a bakin bankuna, mai kuɗi ya rasa na cefane, a bayan ƙaramar Sallar wannan shekara ne Allah ya nufe ni da tafiya Amurka. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna gindin dalbejiyar ƙofar gidana a kewaye ni: “Malam Habu, wai yaya ƙasar take? Da gaske ne ba sa gaisawa? Me ka ci?” Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ɗauki guntu ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajami yadda hannuna ya saba, sannan na juya shi zuwa boko saboda waɗanda ba sa karanta wancan.

Ni malamin makarantar allo ne a Limawa, cikin Dutse, aikin da na gada wurin mahaifina. Abin da ya haɗa ni da Amurka ƙanena ne, Ado, wanda yake aikin haɗa magunguna a wani asibiti a can. Tun yana Kano, kafin ya tafi, shi da matarsa Hajiya Binta suka ɗauki ’yata ta fari riƙo daga yaye, da suka tashi tafiya kuma suka tafi da ita. Shi take kira Baba, ni kuwa Malam take ce mini kamar sauran almajiraina. Ga ta ’yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyarmu aka sa mata. Saboda haka tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Uwani muke ce mata. Ko Uwanin ma, in da hali, “yarinyar nan” nake cewa.

Yarinyar nan ta shiga makarantar likitoci. Irin makarantar tasu tana da wani bambanci da sai da Ado ya yi ta yi mini bayani. Likitoci cikakku suke fitarwa, masu duba mara lafiya, su rubuta magani, har su yi fiɗa, amma ana ƙara musu wani ilmi na aiki da hannu: su taɓa ƙashi da gaɓa da jijiya, su gane inda ya goce ko ya ɗaure, su lallaɓa shi ya koma. Da na faɗa wa taubashina Malam Ya’u, wanda yake ɗori a Garki, sai ya riƙe baki.

“Wato ɗori kuka tura ta koya har bayan teku? Kai Habu, asararre! Da ka kawo mini ita, damina biyu ta isa, ladana kuma zakara ɗaya.”

Karatun ya yi ta tafiya lafiya har aka zo wata babbar jarrabawa wadda ba a ba mutum shaidar gamawa sai ya ci ta. Uwani ta faɗi. Ta sake, ta sake faɗuwa. ’Yan ajinsu suka yi bikinsu suka watse, ita aka mayar da ita cikin ’yan bayanta. Dokar makarantar kuwa, dama ɗaya ta rage mata. In ta faɗi wannan, an sallame ta ke nan, duk shekarun nan sun tafi.

A lokacin ne ta kira ni a waya. Da ma tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, in miƙa wa uwarta. Ran nan ta ce kada in miƙa.

“Malam, gida zan dawo. Na gaji. Ƙannena na makaranta su ne yanzu abokan zamana, kunya nake ji in shiga aji.”

Ban saba doguwar magana da ita ba. Can na ce, “A makarantata, wanda bai riƙe allonsa ba ba ya wankewa. Tsararrakinsa su wuce, na baya su tarar da shi, ya zauna da su. Ban taɓa jin an tambayi mai sauka su wa ya fara da su ba. Wanda nake baƙin ciki da shi shi ne wanda ya jingine allon ya tafi.”

Ta ce, “To in na tsaya na gama, me za ka ba ni?”

Na ce, “Abin da kika roƙa, in ina da shi.” A raina ina lissafin karsanar da ke wurin Fulaninmu.

“Ka kira sunana. Na yanka. Sau ɗaya, a gaban mutane.”

Da saniyar ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Amma na riga na buɗe baki. Na ce, “Allah ya kai mu.”

Shekara ta zagayo, ta zauna jarrabawar karo na ƙarshe. Ado ya nema mini biza, ya sayi tikiti, ya ce in taho bikin kammala karatun. Na ce, “Sakamakon ya fito ne?” Ya ce bai fito ba, amma in aka jira shi ba za a sami jirgi ba. Haka na bar gida ban sani ba ko walima zan je ko jaje.

Uwargidana Hajiya Talatu ta haɗa mini kaya kamar wanda za shi ƙasar yunwa: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, turaren wuta, da kilishin da ta aika musamman aka yi wa ’yarta. Ni kuma na cusa butata a gefen jaka. Ta ce zan ba su kunya. Na ce a bar ni da kunyata. Cikin duk abin da na ɗauka, ba wanda ya yi mini rana kamar butar nan.

Daga Dutse na shiga motar haya zuwa Kano. Da direban ya ji inda za ni sai ya mayar da ni gidan gaba, ya yi ta sanar da duk wanda muka ɗauka a hanya, “Ku gaida Malam, Amurka za shi.” Kafin mu kai Wudil taya ta fashe, muka sauka, mai zuwa Amurka ya riƙe wa direba dutsen tare mota. Na ce a raina, madalla, Allah ya tuna mini ko ni wane ne tun kafin in yi nisa.

Jirgi ya sauke mu Alƙahira, muka yi doguwar jira. Na ga dama ta samu in gwada Larabcina, na je wurin mai shayi na jero masa buƙatata da i’irabinta cikakke. Ya dube ni, ya kira abokin aikinsa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka yi dariya har da dafa kafaɗa, suka ce tun da suke ba a taɓa yi musu huɗuba a kan shayi ba. Bai karɓi kuɗina ba, ya ce in yi wa mahaifiyarsa addu’a. Na yi. Daga nan muka shiga jirgi na biyu, wanda ya yi ta bin rana kamar ba ya son ta faɗi. Na rasa lokacin azahar da la’asar, na ƙaddara na yi su a zaune, ina neman gafara.

Inda na ga ta kaina shi ne wurin shiga ƙasar. Muna cikin layi sai ga wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna gaban jakata. Na ja da baya ina tattare rigata kada ya taɓa ni. Ashe ma’aikaci ne, zamansa kuma shaida ce. Aka ja ni gefe aka zazzage kayan. Daddawa ta sa mutumin ya kau da fuska, amma ya bar ta. Kilishi kuwa ya ɗaga shi sama da yatsu biyu, ya jefa a wani babban kwando. Ba a shiga musu da nama. Ina ji ina gani kilishin Hajiya Talatu ya tafi, karen yana kallona ba ko kunya.

Daga nan aka kai ni gaban wani jami’i, ƙato, mai jan gashi. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, sai ya buga waya ya haɗa ni da tafinta. Muryar da ta fito daga wayar ta wani Bahaushe ce, daga jin harshensa mutumin Damagaram ne.

Tafinta ya ce, “Baba, yana tambaya wurin wa ka zo.”

Na ce, “Wurin ƙanena da ’yata.”

“Ya ce mene ne sunan ’yar taka?”

Na ce, “Uwani.”

Jami’in ya duba takardar gayyatar da ke hannunsa, ya ɗago ya dube ni, ya sake dubawa. Fuskarsa ta canja.

“Baba, ya ce ba sunan da ke takarda ke nan ba. Ya ce wane uba ne bai san sunan ’yarsa ba?”

Na ce, “Na sani sarai. Ni na raɗa mata shi a kunne.”

“To faɗa masa mana!”

Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan nasu. Tafintan ya rage murya ya ce, “Baba, ’yar fari ce?”

“’Yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyata gare ta.”

“La ilaha illallahu. Baba, ni na gane, amma wallahi mutanen nan mayar da kai za su yi a jirgin da ya kawo ka. Bari in gwada.”

Ya yi ta zuba Turanci. Jami’in yana saurare, girarsa tana hawa sama. Can ya turo mini takarda da biro. Tafinta ya ce, “Ya ce in bakinka ba zai iya ba, hannunka fa?” Hannu ba ya kunya. Na rubuta, sai da na gama na ga ashe da ajami na yi. Jami’in ya juya takardar sama da ƙasa, ya yi tsaki irin nasu, ya kira wata ma’aikaciya wadda iyayenta mutanen Yaman ne. Ta duba, ta karanta sunan da ƙarfi, daidai yadda yake. Ya buga hatimi. Yana miƙo mini fasfo ya faɗi wata magana yana murmushi.

Tafinta ya ce, “Ya ce shi tasa ’yar, in bai kira sunanta sau goma a yini ba, sai ta ce ya daina sonta.”

Na karɓi fasfona na wuce, amma maganar ta biyo ni.

A waje na tarar da Ado, ya yi furfura ya yi tumbi. Muka rungume juna. Uwani tana bayansa, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar filin jirgin, Turawa suna ratse ta suna waiwaye.

“Malam, sannu da hanya.”

Na dubi gefe na ce, “Yawwa. An same ku lafiya?” Iyakar abin da na iya ke nan.

Gidan Ado na katako ne, kamar yawancin gidajensu. In ka taka sama, na ƙasa ya san inda ka nufa. Ba katanga, ba zaure, ciyawa ce shimfiɗe har bakin titi, ba akuya ko ɗaya da za ta ci. Na tambayi gabas zan yi salla, Ado ya karkata ni wajen arewa maso gabas. Na ce, “Ado, ka daɗe a ƙasar nan, ko dai ka rikice?” Sai da ya ɗauko lemo ya zana mini a jikinsa da yatsa yadda duniya take, sannan na yarda, ba don na gamsu sosai ba. Rana kuma ba ta faɗuwa da wuri. Cikina ya ce magariba ta yi, taga ta ce da saura.

Kashegari da hantsi na ce bari in ƙamsasa musu gida. Na kunna gawayi a kasko na zuba turaren Hajiya Talatu. Hayaƙi bai gama tashi ba wani ɗan faifai a jikin rufin ɗaki ya fasa ihu, na falo ya amsa, na sama ya amsa. Na fito da gudu riƙe da kasko. Hajiya Binta tana ta fifita da tawul tana dariya har da hawaye, maƙwabciyarsu, wata tsohuwa, ta fito rungume da karenta kamar jariri. Wannan tsohuwa ita ce ta fara gaishe ni a unguwar, daga ranar kuma kullum sai ta ɗaga mini hannu ta toshe hanci don tsokana. To ga amsar masu tambaya: suna gaisawa, amma sai da dalili.

Abinci kuwa, komai nasu da zaƙi, har burodi, har wake. Ruwan sha sai sun cika shi da ƙanƙara ko da ana sanyi. Hajiya Binta ce ta cece ni, ta tuƙa tuwo da wani garin masara na kwali, ta kaɗa kukar da na kawo. Uwani ta zauna gaban kwano tana juya loma. Ba wanda ya ambaci sakamako a gidan nan, amma kowa da shi yake kwana yake tashi.

Ana cikin jiran nan ta ce za ta nuna mini makarantarsu, Ado ya bi mu don ya yi mini tafinta. Ɗakin da suke ɗaukar darasi ya kusa masallacin Juma’a girma, kujeru hawa-hawa har sama. Na ce, “Duk wannan aji ɗaya ne?” Ta ce aji ɗaya. Na ce, “Malamin yana sanin wanda bai zo ba?” Ta ce na sahun baya ma a allon bango yake ganin fuskar malamin.

A wani dogon lungu an jera hotunan kowane aji na ranar da suka fara, duk cikin fararen riguna, kowa yana dariya. Ta tsaya gaban na ajinsu na asali. Ta sa yatsa.

“Wannan tun shekarar farko ya tafi, karatun ya fi ƙarfinsa. Wannan ciwon damuwa ya kama shi. Wannan ta haihu, ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. Wannan shi ya fi mu duka ƙoƙari, rana ɗaya ya ce ba ya son aikin.” Yatsan ya matsa ya tsaya a kan wata ’yar fuska cikin ɗankwali. Tata ce. Ta sauke hannu.

Ba su da yawa, waɗanda suka zube, in ka gwada da taron da ke hoton. Amma da yake tana kiran su ɗaya-ɗaya, sai na ji sun yi mini yawa.

Ta kai mu ɗakin aikin hannu. Gadaje ne sirara a jere, kamar benci mai katifa. A nan ɗalibai suke koyo a jikin junansu: wannan ya kwanta wancan ya lalubi haƙarƙarinsa, sannan su juya. Maza da mata a haɗe, kuma da ’yan guntayen kaya. Na dubi Ado, Ado ya dubi rufi. Uwani ta ce in kwantar da hankalina. Tun makon farko ta je ta faɗa wa malamai uzurinta, wata yarinya kuma mai suna Mariya, wadda iyayenta suka zo daga Meziko, ta ce ta ji ta gani, ita za ta zama abokiyar aikinta har su gama.

“Duk abin da hannuna ya iya, a bayan Mariya ya koya.”

Na ce, “Tana ina?”

“Tana cikin hoton can. Mahaifinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, ba mai kula da shi sai ita. Ta tafi jinya, jarrabawa ta wuce ta, ba ta dawo ba.”

Kafin mu fita muka haɗu da wata dattijuwar likita, wadda aikinta shi ne bin sawun ɗaliban da suka fara tangaɗi. Ita ta riƙe Uwani a shekarar nan. Da ta ji ni ma malami ne sai ta ja mu ofishinta. Na ce Ado ya tambaye ta, cikin waɗanda suke farawa, nawa suke kaiwa ƙarshe? Ta ce mafi yawansu suna kaiwa, wasu a kan lokaci, wasu a makare. Abin da ke damunta shi ne, in aji ya yi girma, mai nutsewa ba ya ihu, sai dai a ga kujerarsa ba kowa. Sannan ta juyo da tambayar kaina: ni fa, nawa suke sauka?

Na so in yi kwana, amma ba a yi wa mai furfura ƙarya. Na ce nawa ba su kai nata ba, ko kusa. Damina ta ɗebi wasu zuwa gona, kasuwa ta ɗebi wasu, babur ɗin haya ya kwashi sauran. Ta ce, “Kana bin su?” Na ce ina yi musu addu’a. Ta ce ita ba ta iya addu’a sosai ba, waya take bugawa har su gaji su ɗauka. Muka yi dariya, na ce in aka haɗa nata da nawa da an sami malami guda cikakke.

Sakamakon ya zo ran wata Talata da safe, muna karin kumallo. Wayar Uwani ta yi ƙara, ta duba, ta ajiye cokali. Ta ɗauko kwamfuta ta buɗe a kan tebur, sai ta janye hannu.

“Baba, ba zan iya ba. Danna.”

Ado ya ce, “Ni? Hawan jini gare ni. Binta, danna.”

Hajiya Binta ta ce, “Wallahi ba da ni ba,” ta shige kicin ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe.

Ni ina gefe da carbina, na kafa ido a taga kamar abin bai shafe ni ba, alhali tun ɗazu ƙwaya ɗaya nake murzawa. Sai na ji ta ce, “Malam, zo ka danna.”

Ban taɓa taɓa kwamfuta ba. Na taso, ta nuna mini wurin, na yi bisimilla na sa yatsa. Wani rubutu ya fito wanda ban iya karantawa ba. Fuskarta na karanta. Ta zame daga kujera ta kai goshi ƙasa. Ado, mai hawan jini, ya yi tsalle har gidan katakon ya girgiza, Hajiya Binta ta rangaɗa guɗar da na tabbata unguwar nan ba ta taɓa jin irinta ba. Ni na koma kujerata na ce, “Alhamdu lillahi. To, madalla.” Sai na ga tagar ta yi hazo, na rasa dalili.

Da ta ɗago, ta share fuska, ta dube ni ta ce, “Malam, saura naka.”

Na ce, “Ina sane.”

Ranar bikin na sa babbar rigata fara da rawani. Wurin taron ya fi ɗakin karatun nan girma nesa ba kusa ba. A kusa da mu wata yarinya ta zauna da ƙunshin abinci a cinya, ta gaishe ni da hannu a ƙirji. Ado ya ce Mariya ce. Yanzu a gidan kula da tsofaffi take aiki. Ta ce a gaya mini ita ce katifar da ’yata ta koyi aiki a kai, don haka rabin shaidar nata ne. Tana faɗa tana dariya, idonta yana kan dandamalin da ba za ta hau ba. Ta buɗe ƙunshin ta miƙo mini wata waina ta masara, faffaɗa, da wake a ciki. Tun da na zo ƙasar ban ci abin da ya kama hanyar gida kamarsa ba. Na yi mata addu’a mai tsawo, Ado ya gaji da fassara ya ce mata kawai, duk alheri ne.

Ɗaliban suka shigo a jere, kowa da baƙar alkyabba da baƙar hula. Ana kiran mutum, ya hau, a rataya masa wani mayafi mai koren baki a wuya, danginsa su tashi su yi ta ihu suna kiran sunansa. Tsofaffi da furfurarsu suna tsalle suna fito. Na ce a raina, ga wurin biyan alkawari, cikin wannan hayaniya ba wanda zai san na yi.

Aka zo kanta. Mai sanarwa ya kira, dattijuwar likitar nan ta rataya mata mayafin. Ado ya yi ihu, Hajiya Binta ta yi guɗa, Mariya ta hau kan kujera. Na miƙe, na cika ƙirji da iska, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “Masha Allahu.” Daga can sama ta dubo wajenmu, ta sauka, aka kira na gaba.

Na zauna jikina a sanyaye. Ado ya ce, “Yaya, ka yi?” Na ce ya rabu da ni.

Da aka tashi sai aka buɗe ƙofofi, jama’a ta ɓarke zuwa wani fili. Nan na gane girman ajin nan da gaske. Ko’ina ka duba baƙar alkyabba ce da baƙar hula, ga iyaye, ga furanni, ga masu hoto. Turereniya ta raba ni da su Ado. Ba waya a hannuna, ba Turanci a bakina, ban san ko ta ina muka shigo ba. Na tsaya riƙe da gefen rigata kamar baƙauye a tashar Kano.

Can na hango ta. Bakin ɗankwalinta ne ya leƙo ta ƙarƙashin hula. Tana ɗaga wuya tana dube-dube, ni take nema, amma ta ba ni baya, tana ƙara nisa, taron yana haɗiye ta.

Na ce, “Uwani!” Hayaniya ta cinye.

Na ƙara, “Ke yarinyar nan!” Wani Bature ya waiwayo ya yi mini murmushi.

Saura kaɗan ta sha kwanar ginin. Sai na tattara muryar da nake tsawata wa almajirai da ita in sun cika makaranta da surutu, muryar da ake ji daga Limawa har bakin titi.

“Hajara!”

Ta tsaya cak. Ba ta juyo nan da nan ba. Mutanen da ke tsakaninmu suka dare suna kallona, dattijo da rawani yana haki. Sannan ta juyo a hankali, ta tako har gabana, hannunta a kan baki. Ta durƙusa da alkyabbarta da mayafinta a kan ciyawar nan.

“Na’am, Malam.”

Na ce, “Ɓata na yi.”

Ta ce, “Na ji. Kowa ma ya ji.” Tana dariya, hawaye yana zuba a kan koren mayafin. Na sa hannu a kanta, a kan hular, abin da ban taɓa yi ba tun tana cikin zanen goyo, na sa mata albarka, na yi addu’a ga mahaifiyata da ta ci sunanta.

Yanzu tana wani asibiti a can tana ƙarin horo, kamar yadda ƙa’idarsu take. Ni kuwa na dawo da butata lafiya, na kuma dawo da ɗabi’ar dattijuwar nan: almajirin da ya jingine allo, har gida nake bin sa, wasu sun fara ɓuya in sun hango rawanina.

Malam Ya’u ya zo daga Garki yi mini barka da dawowa. Ya sa na ba shi labarin tun daga kare har ciyawa. Da na kai ƙarshe sai ya gyara zama, ya kashe ido ɗaya.

“Ban ji da kyau ba, Habu. Wa ka ce ka kira?”

Na ce, “Yarinyar nan.”

“A’a, sunan. Maimaita mana, jama’a su shaida.”

Na ce, “Sau ɗaya ta roƙa, sau ɗaya na biya, kuma mai shi ta amsa. In kana son ji, ka sayi tikiti.”